Kunnen Baba Shiru

Kafin rana ta leƙo, Baba Shiru ya riga ya sa takalmansa na roba, ya rataya gorar ruwa, ya soke fensir a gefen hula. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin daji, yana kuma raka baƙi masu zuwa kallon tsuntsaye. Su ne ma suka laƙaba masa sunan, don ko gaisuwa ba a gamawa sai ya ɗaga yatsa: "Shiru! Cilakowa ce, tana kan itacen can."

Su da kyamarori da madubin hangen nesa, shi kuwa kunne biyu kawai, amma sai ya faɗi sunan tsuntsu sannan su fara lalube. Direban ofishin kula da daji ya ba ni labarin ranar da wani malamin jami'a ya rantse kukan suda yake ji. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan kwaikwayo ne, aron murya ya yi. Suda ba ta gaggawa haka." Da tsuntsun ya fito fili, malamin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙa masa hannu.

Bara sai Baba ya shiga damuwa. Wata uku yana rubutawa a littafin ƙidayar tsuntsaye cewa tsada, 'yar mitsitsiyar tsuntsuwar nan mai siririyar murya, ta ƙaurace wa dajin. Zargi ya faɗa kan manoman gefen daji, aka ce feshin maganinsu ne. Shugaban ofis har ya shirya takardar da za ta raba su da gonakinsu.

Ana cikin haka 'yarsa ta fari, ma'aikaciyar jinya, ta zo hutu, ta bi shi daji wata safiya.

"Baba, wannan siririn kukan na wace tsuntsuwa ce?"

"Wane kuka?"

"Haba Baba! Ga shi ta ko'ina."

Ta nuna masa reshe. Ga tsada nan har uku, suna buɗe baki suna rufewa, shi kuwa bai ji komai ba. Daga nan bai zarce ko'ina ba sai ofis.

"Ranka ya daɗe, a tsayar da takardar nan. Tsada tana nan, kunnena ne ya tafi."

Shugaban ya ce a gyara littafin a ɓoye, ba wanda zai sani. Baba ya ce, "Ai ni na sani." Da ƙafarsa ya bi gonakin ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, sannan ya nemi a sallame shi daga aiki.

Baba, kai ne ka koya mana cewa daji yana magana, mu ne ba ma saurare. Kai ne ka zaɓi a ce ka tsufa, a kan a kori bayin Allah saboda kuskurenka. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Mu kuma da ke riƙe da aikin jama'a, ranar da ƙarfinmu ya fara gazawa, Allah Ya ba mu zuciyar da za mu faɗa da bakinmu, tun kafin wani ya cutu.