Ranar da Ɗanmusa Ya Ja Motarsa Baya

Duk wanda ya bi hanyar Isa zuwa Sabon Birni a shekarun fari ya san Ɗanmusa direba, ko dai ya san bakinsa. Bagobiri ne gajere, mai zane har kunne, wanda in ka nuna masa hanya sai ya tambaye ka wa ya aiko ka. Bayan yaƙin basasa ya samo tsohuwar motar soja a gwanjo, mai injin jan waya a goshi. In ta kafe, sai ya ɗaura wayar injin a bishiyar da ke gaba, injin ya yi ta naɗewa har mota ta fito. Da wannan yake taƙama. Ya sha faɗa a tasha cewa shi ba ya komawa hanyar da ya baro, har mutane suka gaji da ji.

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ciki ba, wani ɗan kasuwa, Alhaji Attahiru, ya yi shatarsa su kai dawa kasuwar bakin iyaka. Don sauri suka yanke ta gulbin Bunsuru wajen Turba, tunda ya bushe ƙurmus. Suna tsakiya yashi ya haɗiye tayoyin har ciki.

Aikin bai da wuya, ga tsamiya can a gaɓar gaba. Sai dai tsakanin motar da tsamiyar akwai ramukan da matan ƙauyen suka haƙa cikin yashi suna neman ruwa. Duk sun ƙafe sai ɗaya, kuma shi gari duka ke sha, mutum da akuya. In mota mai wannan nauyi ta bi ta nan, ramin zai rufta. Matan suka tsaya da tulunansu suna kallo, wata tsohuwa, Maijidda, ta zauna a bakin ramin ta ƙi motsawa.

Alhaji ya ce a ɗaura a tsamiya a wuce, kasuwa ba ta jira, matan su haƙa wani ramin.

Ɗanmusa ya leƙa ramin, ya ga ɗan ruwan da bai kai gwiwa ba. Ya ce, "Alhaji, dawa taka ta, mota tawa ta. Baya za ni."

Mutanen da ke saman kaya suka fashe da dariya, wai yau sun ga Bagobiri zai koma. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya haɗiye. Alhaji kuwa ya rantse in suka rasa kasuwa ba zai ƙara ba shi kaya ba. Ɗanmusa ya ce ya ji.

To, injin a gaba yake, gaba kuma ya san ja. Ɗanmusa ya tone yashi ya kutsa ƙarƙashin motar, ya bi da wayar ta cikinta har ta ɓullo baya. A baya babu bishiya, don haka ya ce a binne safayar taya a ɗaure wayar a jikinta. Mazan suka noƙe. Matan ne suka durƙusa da ƙorai, su da haƙar yashi ta zame musu aikin kullum, suka yi rami har tsayin mutum.

Saura abu ɗaya. Inda wayar ta lanƙwasa a ƙasan goshin motar za ta goga ƙarfe ta tsinke, sai an tare ta da ice mai tauri. Maijidda ta tashi ta tafi gida, ta dawo tana mirgino turminta.

Ta ce, "Ɗauki, malam. Babu abin da muka dakawa cikinai."

Ya kwantar da turmin ya ɗaure da sarƙa, ya kori kowa nesa, ya sa giyar baya ya kunna injin. Waya ta miƙe tana kuka, turmi ya fara hayaƙi. Motar ta yi kamar ba za ta motsa ba, sannan ta ja jiki kaɗan kaɗan har tayoyin baya suka taka ƙasa mai ƙarfi. A ja na ƙarshe haƙoran injin suka kakkarye. Ramin ruwa ko bakinsa bai zube ba.

Suka zagaya ta tsohuwar hanya, suka tarar kasuwa ta watse. Alhaji ya cika alkawari, ya kuma bi tashoshi yana ɓata shi. Injin bai ƙara aiki ba, don ba a samu kayansa ba. Ɗanmusa ya ci gaba da yawo da shi a goshin mota haka nan, in an yi masa tsiya ya ce ko gobe aka sake, baya za shi.

Da ruwa ya dawo aka ga sabon gero, yana wucewa wata rana Maijidda ta tare hanya da ƙwaryar fura. Ta ce a turmin nan aka daka, wanda wayarsa ta yi wa kwari a gindi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce ƙarnin ƙarfe take yi. Tsohuwa ta miƙa hannu za ta karɓe abinta. Ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu ya shanye tas.