Madarar da Na Ɗora wa Auta

Autanmu gyaran agogo yake yi, a wata rumfa da ba ta fi ɗakin kaji ba. Shekara talatin yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya, kuma shekarun nan duka wuta na cin cikinsa. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarmu, ko na ce dutse tuwon gobe ne sai ya nemi cokali.

Ni na ce ya riƙa shan madara. In ciwon ya taso ya kurɓi kofi, ya lafa, kafin ya ɗaure agogo ɗaya ciwon ya dawo da ƙarfinsa, ya ƙara wani kofin. Matarsa ta ce a je asibiti, na ce ta fara koyon dafa ruwan zafi tukuna.

Ranar Litinin ya yi aman jini a kan teburin aikinsa.

Aka kai shi asibiti. Likitar yarinya ce, na haifi wadda ta girme ta. Ta ce, "Iya, in abinci ya sauka, ciki kan tura ɗan aike ta cikin jini, a zubo ruwan tsami. In abincin ya gangara hanji, hanji ya tura nasa, a ce ya isa haka."

Na ce, "To na ƙanena kurma ne?"

Ta ce wani ɗan ƙari ne ya fito masa a hanji, yana ta aika a zubo, ba hutu. Tsamin ya ci naman cikin. Sai an yi aiki an cire.

"Madarar fa?"

Ta ce, "Tana sanyayawa na ɗan lokaci, amma ita ma kiran tsamin take. Babbar ɓarnarta, ta hana shi zuwa da wuri."

Aka kawo takardar sa hannu. Matarsa na kuka, shi kuwa ni yake kallo.

"Yaya, in yarda?"

"Tambayi wadda ta yi karatu, sakarai."

"Ke nake tambaya."

Na ce ya sa hannu. Ya sa, ko karantawa bai yi ba.

Jibi za a shiga da shi. Yanzu ma da maganata zai kwanta a ƙarƙashin wuƙa.