Yadda Na Durƙusar da Kawuna a Teburin Bature

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla. Boko da girma na koye shi, a ajin manya, saboda haka a yi haƙuri da rubutun tsoho.

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne, ban fi shekara ashirin da 'yan kai ba, ina bin wani magini a Jega, ina kwaɓa masa ƙasa ina miƙa tubali. Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba. Allah ya ba ni hannu. In na ɗauki yumɓu na dubi mutum sau biyu, sai in fitar da shi har da yadda yake karkata wuya. Ranar kasuwa nakan zauna bakin rumfar masu tukwane in gina raƙuma da shanu da 'yan mutane, jama'a su taru suna dariya suna cewa ai wannan wane ne. Malaminmu ya sha ja mini kunne cewa gina siffar mutum ba sana'ar Musulmi ba ce. Sai in ce to, in ya ba da baya in ci gaba. Ba abin da nake so a duniya kamar a yaba ni, kuma ban damu da bakin da yabon ya fito ba.

A kasuwar nan tafintan bariki ya gan ni. Mutum ne da ya koyi Turanci rabi, girman kai kuwa ya koye shi duka, har tafiyar Bature yake kwaikwaya. Ya ce in biyo shi, maigidansa Baturen bariki na nemana. Na tarar da Baturen a barandar gidansa, ƙato, wuyansa ja wur, ya buɗe wani akwati yana fito da 'yan sojoji na dalma, kowanne tsawon ɗan yatsa, an naɗe su cikin auduga kamar ƙwai. Akwai masu bindiga, akwai mai busa ƙaho, akwai hafsa a kan doki. Babban mutum da gashin baki, wanda ake sauke rawani a gabansa, ga shi yana hure wa 'yar tsana ƙura yana yi mata magana. Na raina shi a zuciyata, amma na durƙusa na gaishe shi har ƙasa. Tafinta ya yi mini bayani cewa yana so a gina masa filin yaƙi a kan babban tebur, yaƙin da shi kansa ya yi da mutanen wani ƙauye a fadama, can wajen Maiyama, shekarun baya. Nasa sojojin ya zo da su daga ƙasarsu. Mutanenmu ne ba shi da su, su zan gina masa da laka. In aikin ya yi kyau, in ji tafinta, ni zan zama maginin bariki.

Ƙauyen nan ƙauyenmu ne. A fadamar nan aka kashe ubana ina yaro. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana wurin, harsashi ya fasa masa ƙwauri, aka ɗauke shi a kan ƙyaure zuwa Aliero wajen masu ɗori. Ƙafar ta haɗu amma ta gajarce. Shi ya riƙe ni bayan haka, shi ya kai ni wajen magini. Duk wannan na san shi sarai sa'ad da nake durƙushe a barandar. Abin da na tambaya kawai shi ne yaushe zan fara.

Ban san yadda aka yi yaƙin ba, don kawuna bai taɓa ba kowa labarinsa ba. Sai na tafi gida da goro, na zauna gabansa na marairaice, na ce na girma, ina so in san yadda ubana ya cika. Washegari da hantsi ya ɗauki sandarsa ya ce mu je. Muka taka har fadamar, yana ɗingishi ina biye. Ya nuna mini inda sojoji suka ɓullo ta gefen giginyu, sun zo kwasar hatsi da masu ɗaukar kaya. Ya nuna mini kurna uku inda mazan ƙauyen suka jeru da kwari da baka da mashi. Ya ce ba don suna tsammanin nasara suka tsaya ba, sun riga sun ji labarin bindiga mai ruwa. Mata da yara ne ke ƙetare rafi a bayansu, ana so a tare hanya har su haye. Ya ce duka abin bai kai tsawon dama fura a sha ba. Ya kai ni wani ɗan tudu ya tsaya, ya ce nan ubana ya faɗi, rub da ciki, kansa na fuskantar sojojin. Ya ce ba wanda ya gudu sai da mace ta ƙarshe ta hau gaɓa. Yana maganar, ni kuwa ina auna tazarar kurna da rafi da ido, ina lissafin yadda za su shiga tebur. Har ƙasar wurin na ɗiba a bakin rigata, shi kuwa ya ɗauka don tunawa da ubana ne, ya dafa kaina.

Wata biyu na yi ina aikin a wata rumfa bayan gidan Baturen. Na shimfiɗa ƙasar fadama a kan teburin, na tayar da tudu, na haƙa rafi na zuba ƙaro da shuni ya bushe yana ƙyalli kamar ruwa. Giginyu na yi su da kara da tsagin kaba. Mutanen kuwa na haɗa yumɓu da ƙaiƙayi don kada su tsage, na sa tsinke a cikin ƙafafunsu, na shanya su a inuwa. Na yanka musu riguna daga tsumman saƙi, na yi baka da tsinken tsintsiya da zaren kaɗi, kibau da ƙayar aduwa, har layu na ɗaura musu a dantse. Na gina mata suna ƙetare rafi da goyo da ƙwarya a ka. Don in nuna gwaninta, na ba kowane mutum fuskar wanda na sani. Fuskar ubana ta riga ta ɓace mini, sai na leƙa cikin randa na ba shi tawa. Kawuna kuwa na fitar da shi tsaf, da tsagen kumatunsa da gemunsa mai karkata gefe guda, yana tsaye ya ja baka. Ban taɓa yin abu mai kyansa ba.

Da na gama Baturen ya zo, ya zagaya teburin yana kaɗa kai, ya bubbuga kafaɗata. Na ji kamar an naɗa ni sarauta. Ya jera sojojinsa na dalma ta gefen giginyu, ya ja da baya ya duba, sai ya ɓata fuska. Tafinta ya ce wai ba haka aka yi ba. A kwashe matan da yaran, sun cika wuri. Mazan kuma a juya su, gudu suke yi, waɗanda suka faɗi a baya aka same su. Sannan ana so a sami ɗaya ya durƙusa gaban hafsan nan mai doki, ya ɗaga hannu yana roƙo. Baturen ya sa yatsu biyu ya tsamo wanda ya fi kyau a cikinsu, ya ajiye shi gaban dokin. Kawuna ne. Na buɗe baki, tafinta ya harare ni ya ce laka ce fa, ba mutum ba, in kuma ba zan iya ba akwai masu ginin tukwane da yawa a Jega. Ba wanda ya ɗaga mini bulala, ba wanda ya ce zai ɗaure ni. Zan so in ce tsoro ne ya sa ni, amma ƙarya zan yi. Ba na so wani ya taɓa aikina ya karɓe yabon, shi ke nan. Na jiƙa ƙafafun, na karya su a gwiwa, na durƙusar da shi. Na cire bakan na buɗe masa tafin hannu. Ubana na juya shi, na ɗiga masa jar ƙasa tsakanin kafaɗu. Na yi aikin da kyau, har Baturen ya ba ni wata tsohuwar kwat da asu ya ci.

Ni a zatona abin zai zauna a ɗakinsa yana wasa da shi. Ashe ba haka ba ne. Da aka kira masu gari da dattawa taro a bariki, daga Aliero da Katanga da Sabiyal har Giwa Tazo, sai ya sa aka fito da teburin baranda, aka ce kowa ya bi layi ya gani, ya san abin da ke samun mai taurin kai. Ni ma aka tsayar da ni a gefe cikin kwat ɗina, rana na dukana gumi na zuba, ina murmushi kamar ango. Na ga manyan mutane masu furfura suna wucewa suna cewa madalla, wasu har suna sunkuyawa su yaba dokin dalma, alhali da yawansu sun san waɗanda aka binne a fadamar nan. Ina cikin raina su a zuci, na manta wanda ya gina abin da suke yabawa, sai na ji ƙarar sanda a kan daɓe. Kawuna ne, ya rako mai garinmu.

Kafin ya iso teburin wasu sun riga sun gane fuskar. Aka fara zunɗe, wani soja ya dubi lakar ya dubi tsohon, ya fashe da dariya, ya jawo ɗan'uwansa ya nuna masa. Kawuna ya tsaya ya jingina da sandarsa. Ya dubi kurna uku, ya dubi rafin da ba kowa a cikinsa, ya dubi kansa a durƙushe. Ya daɗe a kan mutumin da ke kwance da jar ƙasa a baya. Sannan ya ɗago, bai ɗaga murya ba.

"Kai kag gina wanga?"

Na ce i, kawu.

"Ina matan da munka tsaya dominsu?"

Na ce an sa na kwashe su.

Ya gyaɗa kai. "Ubanka bai ba su baya ba. Kai kab ba su bayanshi."

Baturen ya tambayi abin da tsohon ke faɗi, tafinta ya ce yaba aikin yake yi. Baturen ya ji daɗi ya yi masa murmushi. Kawuna ya juya ya sauka daga barandar.

Bayan kwana uku na bi shi gida da goro da damin albasa. Ya amsa sallamata, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure aka kawo ruwa, ya tambaye ni hanya da mutanen Jega, sannan ya ce baƙo me ke tafe da shi. Da na fara ba da haƙuri ya ce rana ta yi, zai leƙa gona. Haka ya yi mini duk zuwan da na yi. Bai zage ni ba ko sau ɗaya, bai kuma sake kirana ɗansa ba. Labari kuwa ya riga ya bazu. Marasa kunya a kasuwar Maiyama suka laƙaba masa suna mai durƙuso, waɗanda ba su san komai ba suka ɗauka gaskiya ce, tunda ai an gani a gidan Bature, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne ya gina. Mutumin da ya tsaya gaban bindiga mai ruwa ya daina cin kasuwa saboda bakin 'yan iska. Damina biyu bayan haka ya rasu. Sai da aka binne shi aka aiko mini.

Aikin barikin ma ban samu ba. Kafin shekara ta zagayo aka mayar da Baturen wani gari. Ya naɗe sojojinsa cikin audugarsu ɗaya bayan ɗaya, ya bar nawa a kan tebur. Da na je in kwaso su, kukun Baturen ya ce ya jiƙa su ya ga yumɓu ne mai kyau, ya toshe ramukan akurkin kaji da su. Shi ya gaya mini kuma cewa kafin tafiyar, maigidan ya kafa akwatin ɗaukar hoto ya ɗauki teburin ta kowane gefe, zai kai wa mutanensu su ga yaƙin da ya ci. Ƙaryata tana can ke nan a wani gida a ƙasarsu, jikokinsa na kallo.

Yanzu duk waɗanda suka tsaya a fadamar nan sun mutu, tafintan ma ya mutu, saura ni. Shi ya sa na rubuto, don a buga a karanta: ba su gudu ba, kawuna bai durƙusa wa kowa ba, ni na durƙusar da shi da hannuna. Na daɗe ina ɗora laifin a kan Baturen da tafintansa, amma shi baƙo ne ya zo da muradinsa, shi kuma tafinta cikinsa yake yi wa aiki. Ni ne aka kai har inda ubana ya faɗi aka nuna mini gaskiya saboda an yarda da ni.

Ina jan kunnen samari masu aikin hannu, da masu rubutu, da duk wanda Allah ya ba wata baiwa. In babban mutum ya kira ka ya fara yabonka, ka tambayi abin da zai yi da aikin, da kuma wanda za a tsayar a gabansa ya kalla. In tsoho ya buɗe maka abin da ya rufe shekaru, amana ce, ba kayan aiki ba ne. Kada kuma ka yarda a ce maka laka ce kawai, ko takarda ce kawai, don mutane abin da suka gani suke gaskatawa, ba sa zuwa fadama su tambaya. Wanda ya karanta wannan ya yi wa kawuna da ubana addu'a. Ni in ya ga dama ya haɗa da ni, in bai ga dama ba ban ga laifinsa ba.