Saniya Ɗaya, Cinya Biyu

Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, da niyyar Makka. Da ya iso bakin kogin nan, gabas da Najeriya, sai ya ce bari ya ɗan huta. Har yau mu zuriyarsa ba mu gama hutawar ba. Gadon da ya bar mana wuƙa ce da sana'ar kilishi, ni kuma na ƙara da dogon baki. Boko ban daɗe a cikinta ba, malamin ya gaya wa babana cewa kaina ya fi dacewa da ɗaukar tire, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, hannun yankan nama ne.

Ni da taubashina, ɗan kawuna, teburanmu suna kallon juna a titi ɗaya, kusa da babbar kasuwa. Kilishi ba kowane nama yake so ba, tsokar cinya yake so, marar jijiya. Saniya cinya biyu Allah ya yi mata, mu ma biyu ne. Kullum da safe sai mu hau babur ɗinsa mu tafi Farsha, inda kasuwar shanu da mayanka suke, mu haɗa hannu mu kama saniya ɗaya. In an yanka kowa ya ɗauki cinya, sauran mu sayar wa masu tsire da masu tuwo. Watanda ce ta mutum biyu, haka iyayenmu suka yi. Babu mai ƙarfin saniya shi kaɗai a cikinmu. Ranar da ɗaya ya janye hannu, teburin ɗayan ya mutu, kuma dukanmu mun san haka.

A wajen dillalai baki ɗaya muke tayawa. Ni ne mai fushi. In dillali ya faɗi kuɗi sai in tofar da yawu in juya kamar zan tafi, shi kuma ya riƙe mini riga.

"Sake ni, bawana! Wannan saniya ce ko ƙashi a cikin buhu?"

"Yi haƙuri, tsohon banza, mutumin nan yana da iyali. Malam, rage masa kafin ya yaga mini hannu."

Sai dillali ya rage. A hanyar dawowa muna dariya, yana cewa in rage tumbi don babur yana kuka.

A sana'armu akwai ɗanɗano. Mai saye in ya tsaya, sai ka tsinko masa ɗan guntu a bakin wuƙa, bai fi farcen yatsa ba. Gaisuwa ce, ba abinci ba. Ya taɓa a harshe, ya ji labu, wato kwaɓin tunkuza da yaji da muke tsoma naman a ciki, sannan a yi ciniki. Ba a taɓa yin faɗa a kan ɗanɗano ba sai da wani ma'aikacin biro, wato ofis, ya shigo titinmu.

Mutum ne mai jaka da ƙaton agogo, muna ce masa Shef. Ba Bahaushe ba ne, da Larabci muke magana, amma ya iya kalma biyu na Hausa, "ɗanɗano" da "ƙara". Wata rana ya karɓi nawa, ya tauna, ya dubi tsallaken titi.

"Baba, na can ya fi ka hannu. Nasa kamar haka yake." Ya nuna mini rabin tafinsa.

"Ƙarya ne, Shef. Wancan ko tuwon gidansu da awo yake ci."

"Matsalarku ke nan, ba ku san konkurans ba, wato gasa. Kun haɗa kai kuna cutar jama'a. In masu sayarwa suna gasa, kaya na gyaruwa, farashi na sauka, ƙasa ta ci gaba."

Na ce, "Shef, ƙasar ce za ta ci kilishin ko kai?"

Ya yi dariya ya tsallaka. Ina kallo taubashina ya yago masa yanki mai faɗi, har yana ɗaga shi sama don in gani. Washegari da Shef ya zo, na ba shi wanda ya fi wancan.

Labari ba ya kwana a garin nan. Kafin wata ya mutu, titinmu ya zama gidan sadaka. 'Yan kilando, wato 'yan acaba, su ajiye babura, su ɗanɗana nawa, su tsallaka su ɗanɗana nasa, su dawo su ce ba su gama tantancewa ba. Wani marar kunya har da burodinsa yake zuwa, a tsage, ya miƙo a sa masa ɗanɗano a ciki. Shef kuwa ya daina cin abincin rana a gida. In ya ƙoshi sai ya sayi ɗan kaɗan, a naɗe masa a takardar siminti, ya ce, "Kun gani? Yanzu jama'a na amfana."

Daga ɗanɗano muka koma farashi. Taubashina ya rage, na rage. Saniya kuwa ba ta ji labarin konkurans ba, kuɗinta na nan inda yake. To daga ina za a cike ramin? Daga cikin kilishin. Nama ya yi ta sirancewa har kana hango mai wucewa ta cikinsa, labu ya yi ta kauri. Tunkuza ta ragu, fulawa ta shigo, aka zuba jar kala don a rufe mata asiri. Shi ya fara, kowa ya sani, ko da yake na ji shi ma haka yake faɗa a kaina. Jama'ar da ake cewa suna amfana suka koma tauna busasshen ƙulli da barkono, suna murna sun samu da araha.

Wata safiya na fito ƙofar gida ina jiran ƙarar babur ɗin taubashina, shiru. Rana ta ɗaga, na tari kilando na bi shi Farsha. Na same shi tsaye gaban wata jar saniya, yana tayawa shi kaɗai.

"Au, yau bawa ya 'yanta kansa?"

Ko kallona bai yi ba. "Ba na haɗa kuɗina da mai zagina a gaban masu saye."

"Ni na zage ka? Cewa na yi kilishinka ya yi kyau da liƙe tayar keke. Yabo ne."

"To je ka nemi mai riƙe maka riga."

Sai na taya saniyar a kan tayinsa. Ya ƙara, na ƙara. Dillalin da muka yi shekaru muna wasa da hankalinsa ya harɗe hannu yana murmushi, kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Muka kai ta inda babu mai iya biya a cikinmu, kowa ya sulale. Ranar a wajen mahauta na sayi cinyar wani tsohon bijimi, da tsada, naman kamar igiya. Shi ma haka. Tun daga ranar ba mu sake hawa babur ɗaya ba.

Muna cikin wannan hauka wani matashi ya lura da mu. Ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa ne, irin waɗanda kakanninsu suka kafa shaguna tun zamanin Nasara. Ya zo da mota mai sanyi, kafin mu isa Farsha ya kwashe cinyoyin. Ya buɗe shago mai gilashi, ya sayo injin liƙe leda, ya karya farashi ƙasa da namu. Mu da muka riga muka zubar wa juna jini, da me za mu tare shi? Teburin taubashina ya fara naɗewa. Na yi kwana biyu ina murna, sannan nawa ya bi shi. Da titi ya zama nasa shi kaɗai, farashi ya tashi ya wuce inda yake tun farko, bai kuma sake saukowa ba.

Abu ɗaya injinsa bai iya ba, buɗe tsoka falle-falle. Yana son mai yanka, amma guda ɗaya. Ya aika aka kira mu, mu biyu, ba wanda ya san an kira ɗan'uwansa. A bayan shago aka ajiye katako biyu da tsoka biyu.

"Baba, ba na son zalunci," in ji shi. "Wanda ya riga gamawa, aiki nasa ne."

Ma'aikatansa suka kewaye mu, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Tsofaffi biyu da furfura, jikokin mutum ɗaya, za a yi tseren jakuna da su. Na saci kallon taubashina. Wallahi da ya ajiye wuƙarsa, da na ajiye tawa. Sai na ga ya tofa yawu a dutse yana wasa ta. Na ce to, haka ne?

Na riga shi. Ba wai na fi shi hannu ba ne, na lura patron, wato mai shagon, agogo yake kallo, ba nama ba, sai na yi ta zabga yanka da kauri. Taubashina kuwa ya tsaya yi wa tsoka ladabi. Ya naɗe wuƙarsa a tsumma, ya zo wucewa ta gefena ya ce, "Allah ya ba da sa'a, bawan patron." Ba da wasa ya faɗa ba.

Yanzu yana can unguwar Atron yana sayar da gawayi. In an yi rasuwa a dangi, tabarmarsa daban, tawa daban. Ni kuma ina bayan shago ina yanka daga safe har la'asar. In na ce bayana na ciwo, sai patron ya nuna mini ƙofa, inda samari sababbin zuwa daga Najeriya da Nijar suke zaune, kowannensu a shirye yake ya karɓi wuƙata a kan abin da bai kai nawa ba. Su ma yana gaya musu gasa alheri ce.

Kwanakin baya Shef ya shigo shagon. Ya yi ritaya, tumbin ya sace, agogon na yawo a hannu. Ya hango ni ta ƙofar baya.

"Baba! Kana nan? Wannan wane irin kilishi ne kuke yi yanzu? Ga tsada, ga tauri, kamar takalmi. Ina irin na da?"

"Ƙasa ta cinye, Shef. Ba ka ga ta ci gaba ba?"

Ya yi 'yar dariya, ya miƙo hannu kamar yadda ya saba. "To, ɗanɗano."

Na goge hannu, na ɗauko leda ɗaya daga kanta na ɗora masa a tafi. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, yana neman baki. Inji ya liƙe ko'ina.

"Sai ka biya ake buɗewa," na ce.

Ya tsaya yana kallon ledar. Can ya ce, "Ina ɗan'uwan nan naka? Shi hannunsa a sake yake."

"Yana Atron. Hau kilando ka je, ka ce ni na aiko ka. Ya ba ka ɗanɗanon gawayi."