Kifin da Ba Ya Cin Tana

A shekarun da kuɗin mai suka fara janye samarin ƙauyenmu zuwa Kudu, Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya bar gonarsa a wajen Roni ya samu aiki a jirgin kamun kifi a Legas. Da ya zo ganin gida, ya kawo tsarabar wani busasshen kifin teku, shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe guda. Ya kuma ce zai koma da ɗansa Habu, sa'ana, ya koya masa aikin. Kakarmu, Inna Yalwa, ta ƙi dafa kifin.

Bayan isha'i muka kewaye murhunta kamar kullum, Baffa na zaune a bakin ƙofa. Ta ɗaga kifin a hasken wuta ta ce, "Ku matso. Wannan a da mutum ne."

Ta ce wai an yi wani masunci da ya san abin da kowane kifi ke so a ƙugiya: tana ga tarwaɗa, gara ga karfasa. Wata rana ya jefa fatsa a wani gurbi mai zurfi, sai ya ji murya daga ƙasan ruwa: "Ni ba na cin tana. Sa mini abin da ke kwana a gidanka." Ya yanka kazarsa ya saƙala hanjin. A ranar, da ƙyar ya ɗauki kwandonsa don yawan kifi. Da aka kwana biyu muryar ta nemi hantar akuyarsa, ya bayar, ya kama kifi har ya sayi doki. Sannan ta ce, "Saura mai kiranka Baba."

Inna ta gyara itacen murhu. Na ji Habu ya riƙe mini gefen zane.

Da asuba masuncin ya saɓo 'yarsa a kafaɗa har bakin ruwa. Yarinyar ta leƙa gwangwanin da yake zuba tana ta ce, "Baba, ka manta tanar." Sai ya ce ta ruga gida kada ta waiwaya, shi kuma ya sunkuya ya ce wa ruwan ya fasa. Muryar ta ce, "Ƙugiya ba ta komawa haka." Igiyar fatsar ta naɗe masa hannu ta ja shi ƙasa. Nauyin ruwa ya danne shi har ya baje, kuma don yawan duban sama ko zai hango 'yarsa, ɗaya idon ya zagayo ya tarar da ɗan'uwansa.

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya ce, "Inna, a teku fa ake kama shi." Ta ce, "Ruwa duk a haɗe yake, Sale."

Na daɗe ina tsoron rafi, ko wanki aka aike ni sai na tsaya nesa da gurbi. Baffa ya koma Legas shi kaɗai, Habu ya girma a gida.

A lokacin na ɗauka muryar ruwan ce abin tsoro. Sai da na haifi nawa, na ga yadda neman abinci ke fara karɓar ɗan lokacin mutum, sannan barcinsa, sannan ya miƙo hannu wajen yaransa, na gane abin da ya tayar wa Inna hankali. Masuncin ba mugu ba ne, yana son 'yarsa. Duk da haka da ƙafarsa ya kai ta bakin ruwan.