Kawu Guga da Farin Kwat ɗin Hedimasta

Kawu Guga ya fara riƙe dutsen guga yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma a dangi babu wanda ya taɓa saninsa da wata sana'a. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: teburi ɗaya da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, igiyoyi biyu cike da hanga, dutsen lantarki, da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Akwai kuma gorar roba mai hudajjen murfi da yake yayyafa wa kaya ruwa. Nasa tufafin duk sun tsufa, amma karin wandonsa sai ya yanka tumatir.

Abu uku yake taƙama da su, kuma ko gaisuwar mara lafiya ya je sai ya samu hanyar faɗinsu. Bai taɓa ƙona rigar mutum ba, bai taɓa ɓatar da ita ba, bai kuma taɓa ɗora ta a jikinsa ba. Na ukun nan ya fi ji da shi. Shi ya sa Hedimasta, wani tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, ya shekara ashirin da shida yana kawo masa kaya ba tare da ya ƙirga su ba. Matar Kawu, wadda yaran dangi ke kira Goggo, takan ce in gobara ta tashi, rigunan Hedimasta zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya duba ko tana ciki.

Shekarar da kafaɗarsa ta fara ciwo, a shekarar aka buɗe wani gidan wanki mai injina a tsallaken titi. Kawu yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallon tururi na tashi daga injin gugarsu, ya yi tsaki, ya koma ciki. Amma injin ya shiga ransa.

Wanda ya gane haka shi ne ƙanin Goggo, da ake kira Lauya. Bai taɓa shiga ajin shari'a ba, jakar takardu kawai yake yawo da ita, kuma ya iya magana. Wata safiya ya zauna a kan buhun gawayi ya ce, "Yaya, injin nan da kake haɗiyar yawu a kansa, kwanciya ɗaya ce za ta sayo shi."

"Wace irin kwanciya?"

"A gaban mota. Motocin kamfani duk suna da inshora. Ka ɗan jingina da bambar gaban motar, ka zube, ni in yi ihu, in rubuta takarda. Direba ba zai biya ko sisi ba, kamfani ma haka. Inshora ce za ta biya, ita kuwa ba ta da uwa ba ta da uba, wa ka zalunta?"

Kawu ya ce Allah ya kiyaye. Bayan kwana tara kafaɗar ta hana shi ɗaga dutsen gawayi, ya aika a kira Lauya.

Lauya ya dube shi sama da ƙasa, ya girgiza kai. "Da wannan rigar? Yaya, inshora gwargwadon suturar mutum take biya. In aka buge ka a haka, sabulu za su ba ka su ce ka yi haƙuri." Idonsa ya sauka a kan igiya, inda farin kwat ɗin Hedimasta yake rataye cikin leda. An kawo shi ne don ranar da autar Hedimasta za ta karɓi takardar kammala jami'a.

"Wannan kam a'a," in ji Kawu.

"Minti goma ne. Kwat yana da baki ne da zai kai ƙara?"

Kawu ya wanke hannu sau biyu kafin ya zare ledar. Da ya sa, ya zauna masa cif kamar don shi aka ɗinka, abin da ya ƙara tayar masa da hankali.

Suka zaɓi wurin da aka yi ɗan tudu a titi don motoci su rage gudu. Da hantsi sai ga motar kamfanin madara tana tahowa a hankali. Lauya ya laɓe bayan turken lantarki ya yi masa alama. Kawu ya sauka kan titi, direban ya taka burki tun da sauran taku huɗu tsakaninsu. Nan fa ya kamata ya ruga ya zube. Sai ya dubi kwalta. Ga baƙin mai da ya ɗiga, ga bawon lemo, ga wani danshi da bai san asalinsa ba. Ya dubi farin kwat.

Jikinsa ya ƙi. Ya ɗaga wa direban hannu alamar ya ɗan jira, ya zaro jarida daga hammata, ya shimfiɗa shafi uku a gaban motar, ya danne gefunan da ƙananan duwatsu. Ya ɗage ƙafafun wandon don kada gwiwa ta ɓata kari. Ya tattare bayan kwat ɗin da hannu biyu, ya zauna, ya miƙe a hankali, ya sa hankici a ƙarƙashin ƙeya. Sannan ya ce, "Wayyo."

Lauya kuwa tun Kawu yana shimfiɗa shafi na biyu ya fito da gudu, bandeji a hannu, yana kururuwa, "Sun kashe shi! Sun kashe babban mutum!"

Direban bai ko fito ba. Ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Lauya ya ce kuka yake yi don ya san ya shiga uku.

Washegari, bayan Kawu ya sake goge kwat ɗin ya mayar cikin leda, Lauya ya naɗe masa hannu ya kai shi ofishin inshora. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta karanta takardarsu har ƙarshe. An rubuta cewa mota ta yi sama da shi, ya faɗo da ka.

"Sannu Baba," ta ce. "Wane hannun ne ya karye?"

"Na dama," in ji Lauya.

"Wanda ya shimfiɗa jaridar da shi?"

Ta juyo musu da allon kwamfuta. Ashe akwai 'yar kyamara a manne a gilashin gaban motar, ta ɗauki komai, har da duwatsun. Direban ya tura wa abokan aikinsa tun jiya, su kuma suka saka wa duniya. Sauran ma'aikatan suka taso daga kujerunsu don su ga mai farin kwat ido da ido. Kafin Kawu ya waiwaya, Lauya ya ce zai je ya amsa waya, kuma wata huɗu aka yi ba a gan shi ba. Matar ta yaga takardar, ta ce wa Kawu ya tafi gida saboda furfurarsa, amma kada ya kuma.

Kafin ya isa shago labari ya riga shi. Masu shaguna na layin suna kwaikwayon yadda ya ɗage wando. Wani ya haɗa bidiyon da kiɗa. Goggo ta kalla sau ɗaya a wayar maƙwabciya, ta ce, "Shekara talatin ina shara, bai taɓa shimfiɗa mini jarida in zauna ba." Duk wannan bai dame shi ba. Ƙofa kawai yake kallo.

Hedimasta ya zo ranar da ya saba zuwa, da sandarsa. Bai zauna ba. Kawu ya sauko da kwat ɗin, ya miƙa masa. Hedimasta ya cire ledar, ya fita da shi cikin rana, ya duba wuya, ya duba gwiwar hannu, ya juya bayan, ya shanshana hammata.

"Ko ɗigo babu," ya ce.

"Yallaɓai, wallahi ko ƙasa bai taɓa ba. Shafi uku na sa."

"Na gani. Jikokina sun nuna mini sau goma sha ɗaya. Aikinka na kyau, ko a kwance." Ya mayar da kwat ɗin kan hanga, ya miƙa masa. "Riƙe abinka."

"Nawa kuma, Yallaɓai?"

"To ina zan sa shi? In na shiga taron 'yata da wannan, ɗalibai jarida za su shimfiɗa mini. Ya ma fi zama a kafaɗarka." Ya nuna igiya da sanda. "Rigunana shida da wanduna huɗu. Sauko mini da su."

Kawu bai taɓa jin ya faɗi adadin kayansa ba. "Ai ban goge su ba, Yallaɓai. Da sauran danshi ma. Ka bari zuwa la'asar."

"Ba komai. Haka nan zan ɗauka."

Kawu ya ninke su ɗaya bayan ɗaya, kowace ya shafe ta da tafin hannu tunda ba a ba shi damar sa dutse ba. Hedimasta ya ƙirga su a gabansa, ya rungume, ya jira motoci suka wuce, ya tsallaka titi ya shiga gidan wanki mai injina.

Kawu ya ƙara shekara bakwai a shagon kafin kafaɗar ta zaunar da shi. Masu kawo kaya ba su ragu ba, har ƙaruwa suka yi, don mutane suna son a ce mai jarida ne ke yi musu guga. Sai dai kowa in ya ajiye kayansa yakan ce, "Kawu, wannan dai ba za ta yi maka ba, ta yi maka kaɗan," a yi dariya. Shi kuma ya karɓa, ya juya aljihunan, ya ce a dawo jibi.