Kalmasar Rigunan Auta

Shagonta a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keken ɗinki ɗaya, madubi mai tsaga, labulen da ake ja idan za a yi awo, sai kujerar roba da aka ɗaure wa ƙafa da igiya. Shekara ashirin da biyu ta yi a wurin. Anti Allura kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta, don ba a cika ganin bakinta babu allura ba, kuma maganarta ma suka take yi. Mace ta ce a matse mata ɗinki, sai ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "A matse, ki yi numfashi ta ina?"

Tana da shekara goma sha tara uwarsu ta rasu, ta bar mata ƙanwa 'yar shekara shida. A gindin keken nan Auta ta girma, tana barci kan guntayen yadi. Anti ta yi ta fama ta koya mata ɗinki, abin ya gagara. Ɗinkin hannun Auta tafiyar maye yake yi, taku ɗaya dogo, ɗaya gajere. Anti ta haƙura ta tura ta makaranta, daga baya ta aurar da ita ga wani mai gyaran agogo, mutum mai sanyin murya, wanda in keken ya cije shi ke zuwa ya kwance shi ya ɗaura. Ba ta da abin alfahari kamar auren nan. Duk wadda ta zauna a kujerar roba sai ta ji labarin surukin Anti.

Wata rana wata mata mai kaurin tabarau ta leƙo shagon da littafi a hannu. Daga wata ƙungiya mai zaman kanta take, masu taimakon matan da ake duka a gidajen aurensu. Anti ta sa mata suna Malama Tabarau nan take, sunan kuma ya bi ta.

Malama ta ce sun yi shekara biyu suna bincike, don suna da lambar kira amma kiran ba ya zuwa. Sun raba takardu, sai suka gano maza na tsintarsu a jaka, dukan ya ƙaru. Sun ce a ajiye lambar a waya, ashe wayar ce ake fara bincikewa. Daga ƙarshe suka zauna da matan da suka tsira, suka tambaye su ko wane wuri ne miji ba ya dubawa. Wata ta yi dariya ta ce kalmasar gindin riga. To, shi ne suke bin teloli mata. Ɗan farin ƙyalle ne mai lamba, a cusa shi cikin kalmasa a ɗinke, sannan bayan labule a raɗa wa mai rigar cewa yana nan, ko don ita, ko don wata.

"Doka ɗaya ce, Anti," in ji Malama. "Kowace riga. Kada ki zaɓa. Mun gwada barin mutane su zaɓa, sai muka ga waɗanda aka tsallake su ne suka fi buƙata. Kuma da yawansu sun gwammace su faɗa wa baƙo da su faɗa wa ɗan'uwa."

"Ni za ki koya wa mata?" Anti ta ce. "Daga awon kafaɗa nake gane wadda ta kwana da kuka. Kawo ƙyallayen."

Ta riƙe aikin da gaske, wannan ba wanda zai hana ta. Matar ɗan sanda ta saka mata, malamar asibiti ta saka mata, amarya ma ba ta tsira ba. Bayan wata takwas Malama ta dawo da murna, ta ce mata tara sun kira, sun ce daga rigar Anti Allura suka samo lambar. Ranar Anti har waƙa ta yi tana taka keke.

Riga ɗaya ce hannunta ya tsaya a kai. Ta ɗauko ƙyallen za ta cusa a rigar Auta, sai ta tuna mai agogo durƙushe yana zuba wa kekenta mai, ta ji kamar za ta zage shi ne a bayan idonsa. Kuma ita da ta reni yarinyar, ai da akwai wani abu da ta sani. Ta mayar da ƙyallen cikin gwangwani, ta kalmashe rigar haka nan. Ta biyu ba ta ma yi tunani ba.

Auta kan zo ranar Asabar, mijin ya rako ta, ya zauna a kujerar roba yana murmushi har su gama. Ta fara cewa a tsawaita mata hannun riga, sannan a ɗaga wuya. Anti ta ce, "Oho, an zama manyan mata." In ta ɗauko tef, Auta ta ja baya ta ce, "Haba Yaya, ai kin san awona." Duk waɗannan alamu suna cikin takardar da Malama ta karanta wa teloli, Anti kuma ta haddace su. A jikin matan mutane take ganinsu.

Wata Asabar mijin ya fita amsa waya. Auta tana wasa da almakashi ta ce, "Yaya, har yanzu kina saka ɗan ƙyallen nan?"

"Ina sakawa."

"A kowace riga?"

Allurai uku ne a bakin Anti, wani zare kuma ya sarƙe mata. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kowace riga, doka ce. Ajiye min almakashi kada ki yanke."

Auta ta ajiye.

Wata biyar bayan haka, da hantsi, aka kira Anti asibiti. Mai agogo ya ce daga matakala Auta ta faɗo. Likita ya ce matakala ba ta barin shatin yatsu a wuya. Kafin la'asar Auta ta cika, ba ta farfaɗo ba balle su yi magana. 'Yan sanda suka tafi da mai agogo, yana ta gaishe su da ladabi.

Da aka kwana biyu, maƙwabciyar Auta ta kawo kayanta a jaka. Ta tsaya bakin shagon ta kasa shiga. Ta ce, "Anti, ki yafe mini. Shekara uku muna ji ta bango. Ta roƙe ni kada in gaya miki, wai ke kika yi mata komai, ba za ta zubar miki da fuska ba. Sau biyu ta ari wayata, ta riƙe, ta dawo min da ita. Ta ce ba ta samo lambar ba tukuna."

Anti ta ja labule ta zazzage jakar. Riguna bakwai, duk ɗinkinta. Ta juya gindin ta farko, don hannun tela can yake fara zuwa, sai ta ga ɗinkin ba nata ba ne. Taku ɗaya dogo, ɗaya gajere. An farke kalmasar tun daga wannan gefe har wancan, an mayar da hannu don kada a gane. Ta biyu haka, ta uku haka, har ta shida. Ta bakwai a farke take, ba a samu mayarwa ba.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a ƙasa inda Auta ke barci tana ƙarama, baƙin ciki ya danne ta. Mai fenti ne ya rufe mata shago ranar.

Da Malama Tabarau ta zo ta'aziyya, ta bar littafinta a jaka. Anti ta ce ta fito da shi. "Rubuta. Ki ce akwai telar da ta zaɓa. Duk inda za ki koyar, ki fara da ni."

Har yau tana ƙarƙashin matakalar, sai dai bakin ya mutu, ba ta tsokanar kowa. Riguna shida ta farke ɗinkin Auta tana kuka, ta saka wa kowace ƙyallenta, ta ba matan da ba ta sani ba. Ta bakwai tana rataye bayan labule, gindinta a buɗe. In mace ta shiga awo ta ce ita kam lafiya lau take zaune da mijinta, ba ta buƙata, Anti ba ta musu. Takan kama hannunta ta ɗora kan kalmasar sabuwar rigarta, daidai inda ƙyallen yake, ta ce, "Taɓa ki ji. Yana nan. Na saka."